Yadda Ake Kwafe Kayan Waya Zuwa Kwamfuta Ba Tare da Data Ba

A Ajingi da Gaya, wayar ɗan kasuwa ita ce littafin bashinsa: saƙonnin murya na waɗanda suka karɓi hatsi, hoton takardar gona, lambobin dillalai. Ranar da aka zare ta a kasuwa, duk sun tafi tare.

Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, amma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki ake lissafa ta. Ga cin data, ga sabis mai rawa. Kebul ɗin USB kuwa ba ya buƙatar intanet.

1. A jona wayar da kwamfuta, a cire mata makulli, a jawo sanarwar sama, a zaɓi "File transfer". Idan caji kawai take yi, a canza kebul, don wasu na caji ne zalla.

2. A kwafe foldar DCIM, nan hotuna da bidiyon kyamara suke.

3. Kayan WhatsApp, daga Android 11 zuwa sama, suna cikin Android/media/com.whatsapp. Saƙonnin murya na cikin foldar Media.

4. A manhajar lambobi a danna "Export". Za ta fitar da fayil mai ƙarshen .vcf, shi ma a kwafe.

Wanda ya yi aikin a kwamfutar shago, ya juye komai a filashinsa, ya goge na kwamfutar har da na cikin Recycle Bin kafin ya tashi. A riƙa maimaitawa duk ƙarshen wata.