Yadda Ƙwayar Cuta Ke Ɗaure Masu Gadin Jiki

Da masu allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa suka zo unguwarmu, Inna ta hana ƙanwata fita. Ta ce ita ba ta taɓa jin an ɗauki ciwon daji kamar mura ba. Wannan ya sa na tasa malaminmu na kimiyya da tambaya, ga kuma abin da na samo.

Jikinmu ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace kuwa ba ta rabuwa biyu sai da izini. Akwai furotin guda biyu masu gadin wannan al'amari. Na farko Rb, shi ne ke riƙe da linzami, watau yana danne wani furotin mai suna E2F wanda ke ba da umarnin rabuwa. Na biyu p53, shi kuwa idan ya ga rubutun gadon ƙwaya, watau DNA, ya lalace, sai ya tsai da ita a gyara. In ɓarnar ta yi yawa, sai ya sa ta kashe kanta.

To, ƙwayar cutar HPV ba ta iya hayayyafa sai ta ari kayan aikin ƙwayar da ta shiga. Saboda haka takan ƙera furotin biyu, E6 da E7. E7 ya kama Rb ya ɗaure, linzami ya kuɓuce. Sa'an nan E6 ya haɗa baki da wani furotin na jikinmu, E6AP, su sa wa p53 alamar shara, ƙwaya ta niƙe mai gadinta da kanta. Wannan ne ya fi ba ni haushi, ɓarawo ya sa mai gida ya kori karensa! Daga nan sai rabuwa ba kan gado, kuskure na hawa kan kuskure, har bayan shekara 10 ko 20 abin ya iya zama sankara. Amma fa a wajen yawancin mutane jiki kan kori cutar cikin shekara 2.

Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa ne suka gano HPV 16 a 1983, da HPV 18 a 1984. Su biyun nan ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar a watan Oktoba na 2023. Kwaikwayon ɓawon ƙwayar cutar ne kurum a cikinta, babu E6, babu E7. Tana tare cutar ne tun ba ta shiga ba, ba ta fitar da wadda ta riga ta zauna, shi ya sa ake yi da ƙuruciya. Na karanta wa Inna wannan, ta ce bari Baba ya dawo daga kasuwa.