Jaruman Ailan da namu a Turanci

Wani mai sauraro daga Auyo, jihar Jigawa, yana tambaya: shin Turawa na da tatsuniyoyin jarumai irin Bayajidda?

Suna da su, malam. A Ailan akwai labarin Cú Chulainn, saurayin da ya tare rundunar Sarauniya Medb shi kaɗai a mashigin ruwa, lokacin da ta fito ƙwace wani bijimi. An rubuta labarin tun ƙarni na 12, Thomas Kinsella ya mayar da shi Turanci a 1969.

A shekarar ce Neil Skinner ya fara fitar da fassarar Turanci ta tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya tattara, waɗanda aka fara bugawa a Belfast, arewacin tsibirin Ailan, a 1911.