Sau uku Defender ya kama fayil ɗin, sau uku aka yi masa kunnen uwar shegu

Ranar wata Litinin, ko share shago ban gama ba, wata baiwar Allah ta shigo rungume da kwamfutarta a cikin hijabi. Shagon buga takardu gare ta kusa da wata jami'a, ga shi lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe ke miƙa furojet. Ta ce, "Injiniya, don Allah duba min, tun jiya takardun mutane sun ƙi buɗewa."

Ina kunnawa gabana ya faɗi. Kowane fayil an liƙa masa wutsiya ta haruffa huɗu a ƙarshen suna, kowace folda kuma da _readme.txt a ciki. STOP/Djvu ne, mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, wanda ke yawo tun 2018, kuma kusan kullum ta manhajar sata yake shigowa. Saƙon ɓarayin ya ce: dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72.

Na buɗe tarihin kariya na Defender, a nan ne raina ya ɓaci. Ya ga fayil ɗin da ya kawo Djvu tun ranar farko, ya kira shi Trojan:Win32/Wacatac, ya killace shi. Aka sake sauke shi, ya sake killacewa. A karo na uku wani ya danna a ƙyale shi, ya kashe kariyar, sannan ya sa dirab C gaba ɗayansa cikin wuraren da ba a dubawa. Gaba ɗayansa!

Na ce, "Hajiya, wa ya taɓa miki wannan kwamfutar?" Ta ce Office ɗinta ne ya fara damun ta da maganar lasisi, ta kai wa wani yaro a kasuwar waya. Da gargaɗin ya fito ta nuna masa, ya ce mata, "Hajiya ki kwantar da hankalinki, ƙarya yake yi, duk kirak haka yake ganin su." Ya karɓi kuɗin aikinsa, ta yi masa godiya har da addu'a.

Wannan magana ta "ƙarya yake yi" na gaji da jin ta. Gaskiya ne Defender kan kama manhajojin kunna Office na sata, amma yawanci HackTool yake rubuta musu. Gaskiya ne kuma Wacatac kan yi kuskure wani lokaci. To in kana shakka, me zai hana ka ɗora fayil ɗin a VirusTotal, inda manhajojin kariya wajen 70 za su duba shi cikin minti biyu? Ni na ɗora nata, shafin ya yi ja wur. Wanda bai san bambancin HackTool da Trojan ba, ba shi da hurumin karɓar kwamfutar mutane. Ya tsaya a canza sikirin da liƙa gilas.

Cire Djvu ɗin bai kai min awa ɗaya ba. Na katse intanet, na buɗe Autoruns, ga shi nan zaune da sunan SysHelper, ga kuma aikin da ya tsara wa kansa, Time Trigger Task, don ya riƙa tashi da kansa. Ainihin fayil ɗin yana cikin AppData, a wata folda mai sunan haruffa da lambobi barkatai. Ya kuma cika fayil ɗin hosts da adireshin kamfanonin tsaro don kada a iya shiga shafukansu. Na goge, na mayar da kariyar, na gudanar da Defender Offline.

Ta ga na ɗago kai, ta ce, "Alhamdulillahi, ya fita?" Na ce ya fita, amma takardun suna nan a kulle. Na gwada manhajar Emsisoft ta buɗe Djvu, wadda suka fitar a 2019. Ita tana taimakawa ne idan da makullin bai-ɗaya aka kulle, wanda lambarsa kan ƙare da t1. Nata bai ƙare da haka ba. Makullin yana hannun ɓarayin.

Na tambayi ko tana da wani kwafi. Ta ce tana da filas. Filas ɗin kuwa a soke yake jikin kwamfutar dare da rana, shi ma an kulle shi. Hajiya ta zauna a kan benci ta yi shiru, can ta ce akwai yarinyar da babi na huɗu na aikinta babu shi ko'ina sai a wurinta, don takardun da ta rubuta da hannu an riga an zubar. Ban sami abin ce mata ba.

Kada ku kashe Defender don wani ya ce ku kashe. Ko ni na ce, ku tambaye ni dalili. Filas ɗin da ba a cirewa ba ajiya ba ne. Ku kunna nuna ƙarshen sunan fayil, don takarda.pdf.exe ba takarda ba ce. Kada ku ɗora takardun sirri a VirusTotal, wasu na iya sauke su. Kuma goge fayil ba shi ne ƙarshen aiki ba: Djvu kan zo da ɓarawon kalmomin sirri irin Vidar, wanda ke kwashe duk abin da Chrome ya adana tun kafin a fara kullewa. Na sake faɗa, kada ku kashe Defender.

A nan kan bencin muka canza kalmomin sirrinta daga waya, imel da Facebook da na banki. Maganar biya na hana ta, babu tabbacin za su turo makulli. Muka bi WhatsApp da imel ɗinta muka tsinto abin da ɗalibai suka taɓa turowa, wasu cikakku, wasu tsofaffin kwafi da ba a yi wa gyaran malami ba. Na kwashe fayilolin da aka kulle zuwa wani hadis, na yi wa kwamfutar fomat, na sa mata LibreOffice, tunda kyauta ce ba ta buƙatar kirak.

Hadis ɗin yana cikin durowata da sunan shagonta a jiki, ko wata rana makullin zai fito. Babi na huɗu na yarinyar nan yana ciki. Da la'asar Hajiya ta kira ni ta ce ta faɗa mata, kuma yarinyar ta koma raba takardun tambayoyi daga farko.