Ɗakin Ajiyar Keke: Tsatsa da Ɓarawo

Abokan gaban keke a wurin ajiya biyu ne, tsatsa da ɓarawo. Tsatsa kan samu idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, ba kuwa sai ruwan sama ya taɓa shi ba. Da dare rufin kwano kan fi iskar cikin ɗaki sanyi, sai tururin da ke cikin iskar ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga kan keke. Saboda haka ɗaki mai kafofin shan iska sama da ƙasa ya fi wanda aka toshe ruf. Katako bai cika yin wannan gumi ba, amma gara na cinsa, sai an ɗora shi bisa daɓen siminti.

Shi kuwa ɓarawo ba kasafai yake wahala da kwaɗo ba. Maƙalarsa yake ɓamɓarewa, musamman in da ƙusa aka kafa ta. Noti mai ratsa ƙyaure, wanda aka ɗaure ta ciki, ya fi aminci. A kuma dasa zoben ƙarfe cikin siminti, a zarga sarƙa ta jikin keken. Ƙafar gaba dai nan da nan ake kwance ta.