Iska da Rabon Falankiton a Teku: Misalin Gaɓar Peru

Gabatarwa

Falankiton suna ne da wani masani Bajamushe, Victor Hensen, ya raɗa wa ƙananan tsirrai da dabbobin da ke shawagi cikin teku a shekarar 1887. Yawancinsu ido ba ya ganinsu, kuma ba su da ƙarfin saɓa wa igiyar ruwa, watau inda ruwa ya nufa nan suka nufa. Duk da ƙanƙantarsu, su ne tushen abincin kifi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda iska ke raba su a teku.

Yadda Iska Ke Tura Ruwa

A 1905 masani Ekman, mutumin Suwidin, ya bayyana cewa ruwan saman teku ba ya bin iska kai tsaye. Saboda juyawar duniya, a arewacin duniya yakan karkata dama da inda iska ta dosa, a kudanci kuwa hagu.

Alal misali, a gaɓar Peru, wadda ke kudancin duniya, iska na busowa daga kudu zuwa arewa, sai ruwan sama ya karkata yamma, ya bar gaɓa. Nan take ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya cike gurbinsa, ɗauke da sinadaran da ke zama taki ga tsirran falankiton. Da taki ya haɗu da hasken rana sai su yi ta hayayyafa, kifi ya samu abinci. A tsakiyar manyan tekuna kuwa iska tara ruwan sama take yi ya nutse, taki ba ya tasowa, don haka falankiton ba su da yawa a can.

Idan Tsarin Ya Ɓaci

A 1970 masuntan Peru sun kama kimanin tan miliyan 12 na ɗan ƙaramin kifin nan ancobeta. A 1972 yanayin da ake kira El Nino ya zo: iskar da ke ratsa tekun Fasifik ta raunana, ruwan ɗumi ya lulluɓe gaɓar, taki ya kasa isowa sama. Ga kuma kamun da ya wuce kima. A 1973 abin da aka kama bai kai tan miliyan 2 ba, masunta da yawa suka rasa abin yi.

Kammalawa

A taƙaice, arzikin masunci yana rataye ne ga halittar da ba ya gani, ita kuma ga iskar da ba ya iko da ita. Saboda haka wajibi ne a riƙa auna kamu bisa halin da teku ke ciki kowace shekara.