Magana Zuwa ga Sabuwar Nas Mai Aikin Dare

Ya 'yar'uwata, ke da kika gama makarantar koyon jinya, aka ba ki farar riga, aka kuma sa sunanki cikin masu aikin dare, wannan magana taki ce. Ɗan'uwa namiji da ke cikin aikin nan shi ma ya karɓe ta, gama dare ba ya bambanta mace da namiji. Abu biyu za su gwada ki cikin watannin farko: barci, da mutanen da za ki kwana tare da su a bakin aiki. In kin kāsa a ɗayansu, ba ke za ki fara shan wahalar ba, sai majiyyacin da ke kwance, wanda ba shi da ikon tashi ya nemi wata nas.

Mu soma da barci. Kada ki ga kina gyangyaɗi da ƙarfe huɗu na asuba ki ce ke raguwa ce, ko kuwa himmarki ta yi sanyi. Jikin mutum yana da agogo nasa. A cikin ƙwaƙwalwa, bisa inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan ƙanƙanen wuri da ke lissafin lokaci, hasken da ya shiga ido kuwa shi ke gaya masa ko rana ce ko dare. Sa'ad da duhu ya yi, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira melatonin, zafin jiki kuma ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan har ya kai ƙarshen saukarsa wajen asuba. A shekarar 2017 aka ba masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel domin sun gano yadda agogon nan ke tafiya, daga ƙananan ƙudaje masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace kuwa suka koya. Agogon ba ya juyawa a dare ɗaya. Yawancin masu aikin dare ma nasu bai taɓa juyawa sarai ba, domin hasken safiya da ke bugun idonsu a hanyar gida yana mai da shi inda yake.

Ga wani abin da ya kamata ki riƙe. A 1997 masana biyu a ƙasar Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka gwada mutane, suka iske wanda ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, idonsa da hannunsa sun yi nauyi daidai da mai kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jininsa. Da wannan ma'auni ƙasashe da yawa ke hana mutum tuƙa mota. To, ki lissafa. In kin tashi da ƙarfe 7 na safe, kika yini wajen wanki da kasuwa da gaisuwar biki, sa'an nan kika shiga aiki, da ƙarfe 12 na dare kin cika sa'a 17, ga kuma sauran dare duka a gabanki. Ke da ba za ki yarda ki riƙe allura da giya a cikinki ba, yaya za ki yarda ki riƙe ta haka?

Saboda wannan, barcinki na rana yana cikin aikin da ake biyanki dominsa. Na san ba abu mai sauƙi ba ne a gidajenmu. Kwano yana zafi da bazara, yara suna guje-guje, maƙwabciya tana daka, baƙo kuma ba ya aiko da saƙo kafin ya zo. Akwai ma waɗanda za su ce wace irin mace ce ke barci da rana tsaka. Ki zauna da mutanen gida ki bayyana musu tun da wuri, cikin ladabi, ki roƙi uwa ko miji su tsare miki ƙofa. Ki rataya baƙin zane a taga, ki kashe waya, ki ci abu marar nauyi, ki kwanta da isarki gida. Babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye. In bai samu a kwanciya ɗaya ba, ki raba shi biyu, mai tsawo da safe, gajere kuma kafin ki fita. Dattawan ikilisiya ma su ji wannan: kada su tsauta wa nas domin ba a gan ta a taron tsakiyar mako ba, alhali ta kwana a tsaye a kan 'ya'yansu.

Goro da shayi da kofi suna taimako, amma kafeyin da ke cikinsu ba ya barin jiki da sauri. Bayan kamar sa'a biyar rabinsa yana nan. Ki sha a farkon dare, ki bari tun asuba ba ta yi kusa ba. In asibitinku ya yarda da ɗan kishingiɗa bi da bi, minti 20 ko 30 ya isa, da sanin abokiyar aikinki, kuma kada ki lissafa magani sai kanki ya washe. Kin ji labarin Bitrus da Yakubu da Yohanna a Jatsaimani, yadda aka roƙe su su yi tsaro, barci ya rinjaye su har sau uku. Ubangijinsu bai kore su ba, ya san nauyin idon ɗan Adam. Amma sa'ar da aka roƙe su ta wuce, ba ta komo ba.

Yanzu ga maganar abokan aiki, ita ce kuwa ta fi wuya. Za ki gamu da babba wadda in kin yi tambaya sai ta yi tsaki, ta ce me aka koya muku a makaranta. Za ki gamu da wadda ke tura miki dukan aikin ƙazanta domin ke ce sabuwa, da wadda ke shimfiɗa tabarma tun ƙarfe ɗaya ta bar miki ɗaki duka. Kafin ki hukunta su, ki tuna abin da muka faɗa a kan agogon jiki. Wadda ta yi miki tsawa wataƙila shekara goma ke nan tana kwanan asibiti, abokanta da yawa sun tafi Ingila ko Saudiyya, aikin mutum uku ya koma kanta. Wannan bai mai da tsawar daidai ba, amma zai rage miki zafinta. Magana ta fi kaifi da asuba, kunne ma ya fi saurin jin ciwo. Abin da ya ƙona ki da ƙarfe huɗu, kada ki amsa shi sai kin yi barci kin tashi. Sau da yawa za ki iske ya ƙanƙance.

Ki gaishe ta da fari, ki kira ta Sista ko Anti yadda ake yi a wurin. Kada bakinki ya saba da cewa ba haka aka koya mana ba. Ita ta san tukunyar iskar oksijin da ke yoyo, da inda ake ajiye fitila in wuta ta ɗauke, ta kuma iya duban fuskar yaro daga bakin ƙofa ta ce wannan bai yi mini ba, tun ma'auni bai nuna kome ba. Wannan sani ba ya cikin littafi, kuma ba a ba da shi ga mai girman kai. Masu shara da masu gadi da masu tura keken majiyyata, su ma ki san sunayensu. Abokiyar aikinki Musulma, ki riƙe mata ɗaki ta yi sallar asuba, ko ta ci sahur da azumi. Ita ma za ta riƙe miki ran Lahadi. Kuma ina gargaɗinki, ke da kike sabuwa cikin bangaskiya, kada ki ɗauki kowace baƙar magana tsanani ce saboda addininki. Sau da yawa gajiya ce kawai, wani lokaci kuwa gyara ne da kike bukata, sai dai an ba ki shi babu zuma.

Amma laifin abokin aiki iri biyu ne, kuma dole ki iya raba su. Akwai wanda ya fāɗa a kanki, kamar tsaki da raini da rabon aiki marar adalci. Wannan kina da iko ki haƙura da shi, haƙurin kuwa abin yabo ne. Akwai kuma wanda ya fāɗa a kan majiyyaci. A nan ba ki da ikon yin haƙuri, gama ran ba naki ba ne. Florence Nightingale ta san wannan rabo. Sa'ad da ta isa asibitin soja na Uskudar, kusa da Istanbul, cikin Nuwamba 1854, tare da nas-nas 38, likitocin soja ba su yi marhabin da su ba. Ta shanye rainin, ta hana matanta kutsawa cikin ɗakunan majiyyata sai da likitoci suka nemi hannunsu. Amma a kan ƙazanta da rashin kaya da ke kashe sojoji ba ta yi shiru ba, ta yi ta rubuta wa Sidney Herbert, babban jami'in harkokin yaƙi a Landan, ba fasawa.

Haɗarin baƙar magana shi ne takan rufe bakin wanda aka yi wa. A 2015 aka buga wani gwaji da aka yi a Isra'ila da ƙungiyoyi 24 na likitoci da nas-nas masu lura da jarirai. Aka ba su 'yar tsana a matsayin bakwainin da ciwo ya tasar wa, aka sa waɗansu suka ji maganar raini daga wani baƙon masani kafin su fara. Waɗanda aka raina suka fi kāsa gane ciwon, suka fi yin kuskure a aikin hannu, babban dalili kuwa shi ne sun rage gaya wa juna abin da suka gani, sun rage neman taimako.

Ga yadda abin zai zo miki. An kwantar da yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ƙarfe biyu na rana, an yi masa allurar artesunate. Allura ta biyu bayan sa'a 12 ce, wato ƙarfe biyu na dare, a hannunki. Da nauyin yaro ake lissafinta: miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma in bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ga kowane kilo. Kin lissafa, zuciyarki ba ta kwanta ba, Sista kuma tana barci, kin san halinta. Ki tashe ta. Ki ce, Sista, ki yi haƙuri, ki duba mini lissafin nan. Za ta yi tsaki, tsaki kuwa bai taɓa kashe yaro ba. Haka kuma in wani ya ce miki ki cika kati da zafin jiki da bugun jini da numfashi ba tare da kin auna ba, domin haka kowa ke yi, ki ƙi cikin taushin murya. Shaidar zur ce, likita kuma zai gina maganinsa a kanta da safe. Ki ƙirga numfashi minti guda cikakke. Yaro daga shekara 1 zuwa 5 da ya yi 40 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri. Abin da ba ki auna ba, kada alƙalaminki ya ce kin auna. In kuwa ya zama dole ki tashi likita, ki shirya maganarki tun ba ki kira ba: wane gado, me ya sāke, me kika auna, me kike so ya yi. Ki rubuta lokacin da kika kira.

Idan halin abokiyar aiki ya ci gaba har ya zama ba shi jimruwa, akwai tsarin da aka koya mana cikin Matta sura 18, ya kuwa dace da asibiti. Ki fara samunta ita kaɗai, ba a gaban majiyyata da danginsu ba, ki ambaci abin da ya faru da ranar da ya faru, kada ki zana mata halinta duka. In ba ta ji ba, ki tafi da mutum ɗaya ko biyu da take ganin girmansu. Bayan wannan sai shugabar nas-nas. Wannan tsari na abin da zai iya jira ne. In rai yana cikin haɗari, ki kira wanda ya kamata nan take, a yi sulhu daga baya. Hanyar da aka rufe miki ita ce ta tsegumi, ko a ɗakin shan shayi, ko a WhatsApp, ko a taron addu'a, inda wata za ta ce mu yi wa wance addu'a, sa'an nan ta kwashe asirinta duka ta zuba a gaban jama'a.

Da gari ya waye saura aiki ɗaya, shi ne miƙa ɗaki ga masu aikin safe. Gajiya za ta ce ki taƙaita, fushi kuma zai ce wadda ta karɓe ki ta gano da kanta, tun da jiya ta ɓata miki rai. Ki bi gado-gado da ita, ki faɗi maganin da aka bayar da wanda ba a samu ba, da wanda ƙarin ruwansa ya kusa ƙarewa, da wanda zuciyarki ba ta kwanta da shi ba ko da ba ki iya faɗin dalili. In idonki yana rufewa, kada ki tuƙa mota ko babur. Ki kishingiɗa tukuna, ko ki nemi mai kai ki. In kuwa watanni sun wuce barcin rana ya ƙi samuwa, kanki yana ciwo kullum, zuciyarki ta yi nauyi har ba ki jin daɗin kome, ki ga likita, ki kuma gaya wa shugabarku ta duba yadda aka jera miki kwanakin dare.