Wane Murfin Lambatu Ne Zai Ɗauki Nauyin Tirela?

Tambaya: Malam Habibu, mai sito a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, ya rubuto cewa ragar ƙarfen da mai walda ya haɗa masa da rodi a kan lambatun ƙofarsa ta lotsa. Yana tsoron wata rana tayar tirela ta burma, ko ƙafar ɗan dako ta faɗa da buhu a kansa. Wane irin murfi ya kamata ya saya?

Amsa: Malam Habibu, Allah ya tsare gaba. Ka yi daidai da ka damu, domin ƙarfen da ya riga ya lotsa ya gaji, ko an miƙe shi da guduma ba zai koma yadda yake ba. Amma ka kwantar da hankalinka, abin yana da magani.

Rodi an yi shi ne don ya zauna cikin kankare, ba don taya ta hau shi tsirara ba. Ragar da ake yi wa manyan motoci da faffaɗan ƙarfe ake yin ta, a jera sandunan a tsaye kan gefensu. Tsayin nan shi ne ƙarfinta: idan aka ninka shi biyu, juriyar sandar kan ninku huɗu. Sai ka lura da wani abu da masu haɗawa da yawa ke kuskurewa. Dole waɗannan sandunan su ƙetare lambatun daga baki zuwa baki, kowane kai ya zauna a kan madogara. In aka shimfiɗa su bisa tsawon lambatun, komai kaurinsu ba za su ɗauki komai ba.

Idan na kamfani za ka saya, duba lambar da ke jikinsa. A ƙa'idar Turai, A15 na masu tafiya a ƙasa ne, B125 na wurin ajiye ƙananan motoci, D400 na titi, wanda ake gwadawa da nauyin kusan tan 40. E600 kuwa na tashar jiragen ruwa ne da makamantanta. Kada ka sauka ƙasa da D400. In motar ɗaga kaya na shiga sitonka, nemi E600, saboda ƙananan tayoyinta masu tauri suna tara nauyi a wuri guda.

Bakin lambatun ma yana son gyara: a zuba kankare mai kyau, a dasa ƙarfe mai kusurwa da ragar za ta zauna a ciki daram, a ɗaure ta da noti don kada ta yi tsalle ko a sace ta. Ka zaɓi wadda aka tsoma cikin narkakken zinki, fenti ba ya jure damina.

Kafin ka biya kuɗi, ka kira injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya auna faɗin lambatun, ka gaya masa irin motocin da ke shigo maka. Kafin nan, don Allah, ka hana tirela hawa tsohuwar ragar tun daga yau.